Babban harafi da ƙaramin harafi a sunan fayil: abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗora shafi a intanet

Akwai wata matsala da kusan duk mai gina shafin intanet yakan ci karo da ita. An gama aiki a kan laftof, kowane hoto yana fitowa, kowane maɓalli yana amsawa. Sai a ɗora shafin a kan sabar da aka yi haya, a buɗe shi a burauza, sai ga tambarin makaranta ya ɓace, launuka sun watse, wani sashe kuma yana nuna lamba 404, wato ba a sami abin da aka nema ba. Alhali ko layi ɗaya ba a taɓa ba tsakanin jiya da yau. Sau da yawa abin da ya jawo wannan duka harafi ɗaya ne tak: an raɗa wa hoton suna Tambari.png, amma a cikin shafin aka rubuta tambari.png.

Laftof ɗin ya ɗauki sunayen biyu a matsayin abu guda, sabar kuwa ta ce sam. Yawancin masu koyon wannan sana'a a Kano, Kaduna, Zariya ko Yamai a kan Windows suke fara aiki, da manhajar XAMPP ko WAMP, sannan su ɗora aikin a sabar haya wadda galibi Linux ce ke tafiyar da ita. Saboda haka wannan ramin yana kan hanyar kowa, kuma sanin inda yake ya fi faɗawa cikinsa sauƙi.

Daga ina bambancin ya samo asali?

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963 aka kuma ƙara masa ƙananan haruffa a 1967, babban A lamba 65 ne, ƙaramin a kuma lamba 97. A wajen na'ura, su biyun lambobi ne dabam-dabam kamar kowaɗanne lambobi biyu. Idan ana so ta ɗauke su a matsayin harafi ɗaya, dole a yi mata ƙarin aiki, a ba ta jadawalin da ke haɗa kowane babban harafi da ƙaraminsa.

Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka fara gina Unix a ɗakin bincike na Bell Labs a 1969, ba su ɗora wa tsarinsu wannan ƙarin aikin ba. Sunan fayil a wajensu jerin lambobi ne, idan jerin ya zo daidai an samu, idan ya saɓa babu shi. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, a kan wannan turba ta tashi. Shi ya sa a folda ɗaya za a iya ajiye Rahoto.pdf da rahoto.pdf da RAHOTO.pdf, kowanne da abin da ke cikinsa.

Microsoft ta bi wata hanya dabam. MS-DOS ta 1981 tana ajiye sunaye da manyan haruffa zalla, haruffa 8 na suna da 3 na nau'in fayil, don haka ko yaya mutum ya rubuta, wuri ɗaya za a kai shi. Da aka zo zamanin tsarin faifai na NTFS a 1993 da dogayen sunaye na Windows 95, sai aka tsaya a tsakiya: Windows tana tuna sunan yadda aka rubuta shi, tana kuma nuna shi haka, amma idan an zo nema ba ta duba girman harafi. Kwamfutocin Mac ma haka suke, a tsarin faifansu na HFS+ na 1998 da kuma APFS da ya maye gurbinsa a 2017, sai fa in mai na'urar ne da kansa ya zaɓi ya tsara faifansa ya riƙa bambancewa.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Ma'aikacin ofis da ya ajiye Wasiƙa jiya bai kamata ya rasa ta yau don ya rubuta wasiƙa ba, wannan shi ne tunanin Windows da Mac. Ita kuwa Linux ta guje wa rigimar harsuna, domin haɗa babba da ƙarami ba ƙa'ida ɗaya yake bi a duniya ba. A Turkanci, ƙaramin I shi ne ı marar ɗigo, babban i kuma İ mai ɗigo. Rubutun Larabci, da ajamin da ya fito daga gare shi, ba su ma da babba da ƙarami.

Adireshin shafi kashi biyu ne

Mai karatu zai iya cewa ai ya sha rubuta adireshin shafi da manyan haruffa kuma ya buɗe. Gaskiya ne, amma rabin adireshin ke nan. Ƙa'idar adireshin intanet ta 2005, mai lamba RFC 3986, ta ce sunan gidan shafin, wato abin da ke ƙarewa da .com ko .ng ko .ne, ba a duba girman harafinsa. Abin da ya biyo bayan sandar / kuwa, hukuncinsa yana hannun sabar. Manhajojin sabar irin su Apache da Nginx kan miƙa tambayar ga faifan da suke zaune a kai, don haka a kan Linux /Hotuna/ dabam, /hotuna/ dabam. IIS da ke kan Windows takan amsa duka biyun.

Wannan yana shafar har yadda ake samun shafi a Google. Injin bincike yana ɗaukar /Labarai da /labarai a matsayin adireshi biyu. Idan sabar tana ba da abu ɗaya a dukansu, darajar shafin na iya rabuwa gida biyu. Maganinsa shi ne a zaɓi guda, a sa ɗayan ya riƙa tura mai ziyara can da lambar turawa ta dindindin, wato 301.

Yadda abin yake a ginshiƙan gina shafuka

A yau ba kasafai ake gina babban shafi daga tushe ba. Ana hawa kan ginshiƙai ne irin su Laravel da CodeIgniter na harshen PHP, Django na Python, Rails na Ruby, ko Express da Next.js na JavaScript. Yawancinsu suna sauƙaƙa aiki ta hanyar nemo fayil da kansu daga sunan da aka ambata a cikin kod. A nan ne harafi ɗaya yake iya tsayar da shafi gaba ɗaya, ba ɓatar da hoto kawai ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na CodeIgniter. Lokacin da sigarsa ta 3 ta fito a 2015, an wajabta cewa sunan fayil ɗin da ke ɗauke da ajin kod ya fara da babban harafi: Welcome.php maimakon welcome.php. Waɗanda suka sabunta aikinsu a kan Windows ba tare da sauya sunayen ba, ba su ga wata alama ba. Da suka ɗora a Linux sai kowane sashe ya koma 404.

A Laravel, ƙa'idar PSR-4 ta 2013 ce ke haɗa sunan aji da wurin da fayil yake, kuma ta faɗa ƙarara cewa girman haruffa dole ya zo daidai. Ajin da ake kira DalibiController ana neman sa a fayil mai suna DalibiController.php. Idan aka ajiye shi da dalibiController.php, Windows za ta miƙo shi, Linux za ta iya cewa babu wannan ajin. Abin da ke ƙara ruɗa mai koyo shi ne harshen PHP kansa ba ya damuwa da girman harafi a sunan aji. Faifan ne ke damuwa. Haka abin yake a fayilolin da ke zana fuskar shafi: wanda ya kira Admin.index alhali foldar admin ce, saƙon da zai tarar a sabar shi ne ba a ga fuskar ba.

Python ta ɗauki mataki tun 2001, a sigarta ta 2.1. Idan aka shigo da wani sashen kod, tana tabbatar da girman haruffa ko da a kan Windows ne ko Mac. Amma wannan kariyar ba ta kai ga buɗe sauran fayiloli ba. Mai aiki da Django da ya nemi Gida.html alhali sunan gida.html ne, a laftof ɗinsa komai lafiya, a sabar kuwa TemplateDoesNotExist zai gani.

Masu JavaScript su ma suna shan wannan. An ajiye header.jsx, an kira shi da Header, aikin ya haɗu a Mac, amma da na'urar Linux ta zo haɗa shi domin ɗorawa sai ta tsaya da cewa ba ta ga sashen ba. Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda takardun Node.js suka yi gargaɗi a kai: a faifan da ba ya bambance haruffa, idan wani wuri ya kira foo wani wurin ya kira FOO, fayil ɗaya za a ɗauko sau biyu a matsayin abubuwa biyu, kowanne da nasa bayanan. Shafin ba zai mutu ba, sai dai ya riƙa ba da sakamakon da ba a gane kansa. TypeScript yana da saiti mai suna forceConsistentCasingInFileNames da ke kama irin wannan, kuma tun sigarsa ta 5.0 a 2023 a kunne yake zuwa.

Wani abin lura shi ne shafi ɗaya na iya bin doka biyu a lokaci guda. Express da ASP.NET Core ba sa duba girman harafi a hanyoyin da mai gini ya tsara a kod, don haka /Rajista da /rajista duk suna buɗewa. Amma hotuna da fayilolin kwalliyar shafi daga faifai ake ɗebo su, dokar faifai ce a kansu. Django kuwa yana bambancewa har a hanyoyin da aka tsara.

Rumbun bayanai ma bai tsira ba. A MySQL, rumbu folda ce a faifai, tebura kuma suna da fayilolinsu, don haka akwai saiti mai suna lower_case_table_names. A Linux yana zuwa da 0, wato a bambance. A Windows yana zuwa da 1, wato a mayar da sunaye ƙananan haruffa. A Mac yana zuwa da 2, wato a ajiye yadda aka rubuta amma kada a bambance wajen nema. Wanda ya gina teburin Malamai a Windows, a zahiri malamai aka ajiye masa. Ya kwashe zuwa Linux, kod ɗinsa yana neman Malamai, sai a ce babu teburin. Daga MySQL 8.0 kuma, ba a sauya wannan saitin bayan an kafa rumbun.

Tarkon da ke cikin Git

Mai gini ya gano kuskuren, ya sauya header.jsx zuwa Header.jsx a kan Windows, ya tura aikin, amma sabar ta ci gaba da kuka. Dalili shi ne Git, manhajar adana tarihin aiki da Torvalds ya rubuta a 2005, takan gwada faifan da take kai. Idan ta ga ba ya bambance haruffa, sai ta kunna saitin core.ignorecase, daga nan ba ta ganin sauyin girman harafi a matsayin sauyi. Tsohon sunan na nan a ma'ajiya.

Hanyar da ta dace ita ce a sa Git ta yi sauyin da hannunta, da umarnin git mv header.jsx Header.jsx. Idan folda ce ta ƙi, sai a bi ta mataki biyu: a kai ta wani suna na wucin gadi, sannan a dawo da ita sunan da ake so. Umarnin git ls-files yana nuna sunayen kamar yadda Git ta san su, kuma su ne za su isa sabar, ba waɗanda ake gani a allon Windows ba. Wasu kan ba da shawarar a kashe core.ignorecase a Windows, amma takardun Git sun yi gargaɗin cewa taɓa shi na iya haifar da abin da ba a zata ba.

Matsalar tana kuma tahowa ta ɗaya ɓangaren. Abokin aiki mai Linux ya ajiye README.md da readme.md a folda ɗaya. Mai Windows da ya sauko da aikin guda ɗaya zai samu, domin faifansa ba shi da wurin biyu. Haka ma idan aka sauke ajiyar sabar aka warware ta a Windows: Rahoto.pdf da rahoto.pdf za su yi karo, kuma danna "maye gurbi" sau ɗaya ya isa ya shafe takardar wani.

Inda abin ya zama batun tsaro

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan ita ce inda mai gadi yake bambance haruffa amma faifai ba ya yi. An rubuta doka cewa kada a bar kowa ya karanta sirri.txt. Maharin ya nemi Sirri.txt. Dokar ta duba ta ga ba sunan da aka hana ba ne, ta bar shi ya wuce, faifan Windows kuma ya miƙa masa ainihin fayil ɗin.

Wannan ya faru da manyan manhajoji. A watan Disamba na 2014 aka toshe wata ɓaraka a Git: mugu zai iya shirya ma'ajiya mai folda .Git da babban G, wanda duk ya sauko da ita a Windows ko Mac sai ta hau kan ainihin foldar .git, ta sauya saitunansa har a gudanar da umarnin maharin a na'urarsa. Shekara goma bayan haka, a Disamba 2024, masu kula da manhajar sabar Apache Tomcat suka sanar da ɓarakar da ke iya sa a gudanar da fayil ɗin da baƙo ya ɗora tamkar kod ne, a sabar da faifanta ba ya bambance haruffa kuma aka buɗe mata damar karɓar rubutu.

Darasin ya shafi duk shafin da ke karɓar hoton fasfo ko takardar shaida daga jama'a. Wanda ya hana .php kawai bai hana .PHP da .pHp ba, kuma akwai sabar da za ta gudanar da su. A ɗaya gefen, kyamarori da yawa suna ajiye hoto da .JPG, don haka shafin da .jpg kaɗai ya sani zai kori mai gaskiya. Abin yi shi ne a mayar da wutsiyar sunan ƙananan haruffa kafin a gwada ta, a jera nau'o'in da aka yarda da su maimakon waɗanda aka hana, sannan sabar ta raɗa wa fayil ɗin sabon suna da kanta, a adana sunan da mai shi ya ba shi a rumbun bayanai.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Mai gina shafin Hausa yana da ƙarin abin kula. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba sa cikin ASCII. Tsarin Unicode ya ba kowannensu gurbi tare da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, amma ba kowane kayan aiki ne ya san dangantakarsu ba. A PHP, strtolower yana ƙanƙantar da A zuwa Z ne kawai. Ba shi ƘASA, zai dawo maka da Ƙasa, babban Ƙ na nan daram. Wanda ya san Unicode shi ne mb_strtolower. A adireshi kuma, ƙ yakan koma %C6%99, Ƙ ya koma %C6%98, abin da ke sa mahaɗin ya yi tsawo ya yi wuyar karantawa idan an tura shi a WhatsApp. Alamar da ke cikin ma'aikata da 'yanci ita ma tana da wata ma'ana a umarnin kwamfuta, tana iya karya shi.

Wannan ba dalili ba ne na yar da ingantaccen rubutun Hausa. Kanun labari da duk abin da mai karatu zai gani ya fito da lanƙwasarsa cif. Sunan fayil ne kawai za a sauƙaƙa: labarin "Ƙasar Hausa a ƙarni na 19" ya zauna a kasar-hausa-a-karni-na-19.

Matakan kariya

Na farko, a tsayar da doka ɗaya tun ranar da aka fara aiki, a rubuta ta inda kowa zai gani. Hotuna, foldoji, adireshi da tebura su kasance da ƙananan haruffa zalla, a raba kalmomi da karan ɗori ko layin ƙasa, ba tazara. Inda ginshiƙin ya zo da tasa dokar, kamar babban harafin farko a ajin Laravel ko ƙananan haruffa a fayilolin Rails, ita za a bi harafi da harafi.

Na biyu, a gwada aikin a irin ƙasar da zai zauna. Mai Windows yana da WSL, wadda ke ba shi Linux a cikin na'urarsa, amma sai ya ajiye aikin a cikin foldar Linux ɗin. Abin da ke ƙarƙashin /mnt/c dokar Windows yake bi. Haka abin yake a manhajar Docker: foldar da aka jingino daga Mac ko Windows takan zo da halin gidansu. Tun sabuntawar Afrilu 2018, Windows 10 tana bari a sa folda guda ta riƙa bambance haruffa da umarnin fsutil, mai Mac kuma zai iya yanka wani sashe na APFS mai bambancewa domin ayyukansa.

Na uku, a ɗora wa na'ura aikin sa ido. Duk lokacin da aka tura sabon kod, a sa wata na'urar Linux ta haɗa shi ta gwada kafin ya isa ga jama'a. GitHub Actions da makamantanta suna yin wannan. Masu amfani da manhajar webpack suna da ƙari mai suna case-sensitive-paths-webpack-plugin da ke tsayar da aiki nan take idan harafi ya saɓa.

Na huɗu, a guji gyaran da ke rufe ciwo. Apache yana da mod_speling da ke laluben fayil ko da harafi ya saɓa, kuma yana da amfani ga tsohon shafin da aka kwaso daga IIS mai ɗaruruwan mahaɗai a warwatse. Amma a sabon aiki, kuskuren yana nan a cikin kod yana jiran ranar da za a koma Nginx ko a kai hotuna ma'ajiyar Amazon S3, wadda ita ma take bambance haruffa. Ajiye kwafi biyu, Tambari.png da tambari.png, ya fi muni, domin ran da aka sabunta ɗaya za a manta ɗayan.

Sassaucin Windows da Mac alheri ne ga mai rubuta wasiƙa, amma ga mai gina shafi jinkirta labari ne kawai. Kuskuren da aka kama a laftof minti ɗaya yake ci. Wanda ya tsallake sai ranar da ɗalibai suka taru a kan shafin rajista, ko masu saye suka zo biyan kuɗi, da mutuncin mai aikin ake biyan sa. Ku ɗauka cewa kowace na'ura tana bambance haruffa yayin da kuke kiran fayil, ku kuma ɗauka cewa babu wadda ke bambancewa yayin da kuke raɗa sabon suna. Aikin da aka gina a kan waɗannan ƙa'idoji biyu zai tashi lafiya a Windows, a Mac da Linux.